Ƙamshin da Ke Bayana

Shafi na 27

Masu turo min saƙo tun asuba wai na bar su a rataye, duk na gani, har da baiwar Allahn da ta ce ba ni da imani. Ku yi haƙuri, tafin hannuna ne bai gama warkewa ba, rubutu wahala yake ba ni. Mai saurin kuka ya nemi wurin zama.

Kun san inda muka tsaya. Mun je Umlazi, daidai bakin wurin wankin mota inda aka harbe yayana Bhekani. Na durƙusa na ja reshen magaryar kura a kan kwalta, na kira shi da sunansa, na ce ya taso mu tafi gida. Gawarsa ta riga ta yi gaba a motar masu jana'iza. Kurwarsa ce a hannuna, cikin reshen nan. A al'adarmu, daga nan har mu shiga garken shanun gidanmu a Eshowe ba ni da baki sai da shi, ba ni da wuyan waiwaye. In na amsa wa mai rai ko na juya baya, a nan zai sauka, ya yi ta gararamba a bakin titi, ba gida ba kakanni. Mama ta ja min kunne kafin mu fito, ta ce ɗanta mai zuciya ne, tun yana raye ba a kiran sa sau biyu.

Aikin nan na Baba Ƙarami ne, Mzwakhe ƙanen mahaifinmu, don shi ne babban namijin da ya rage mana. Sai ya ce hawan jininsa ya tashi, hannunsa rawa yake. Mama kuwa tana kan katifar makoki a lulluɓe da bargo. Shi ya sa abin ya faɗo kaina.

Ina gaba, kusa da Qiniso, direban da Bhekani ya fi yarda da shi a cikin duk masu jan motocin hayarsa. Baba Ƙarami da matarsa MaShezi suna baya.

Da muka tsaya a gidan mai na sunkuya na ce wa reshen, "Bhuti, yayana, mai za mu sha. Kada ka sauka, ba mu iso ba."

MaShezi ta fita wai za ta zaga. Ta daɗe. Da ta dawo, ƙofar baya na buɗewa ƙamshin ya riga ta shigowa.

Na san ƙamshin nan.

Ƙamshi ne mai nauyi, irin na manyan matan da, wardi da yasmin da wani abu kamar hodar da aka daɗe da ajiyewa a akwati. Sau ɗaya na taɓa jin sa a fatata, amma ko a kabari aka tashe ni zan gane shi.

Mama ta ƙarar da ƙuruciyarta tana aikatau a gidan wata Baturiya a Umhlanga. Kullum da safe sai ta goge wata kwalbar turare mai kusurwa huɗu a gaban madubin matar. Ran da aka kama ta ta buɗe murfin ta sansana, a gaban baƙi aka ce ta je ta wanke hannunta. Bhekani yana ƙarami ya ji labarin, bai taɓa mantawa ba. Ranar Alhamis ɗin da aka kashe shi, ya ɗauko ni a mota yana ta washe baki, ya ciro kwali daga leda, ya fesa min a wuyan hannu. Ya nuna min gefen kwalbar inda ya sa masu shago suka zana sunan Mama: MaZungu. Ya ce, "Zibu, tsohuwar nan ta fesa har a tafin ƙafa in ta ga dama."

Ban gama dariya ba aka fara harbi. Ya danna kaina ƙarƙashin kujera ya kwanta a kaina. Da aka yi shiru na ji an buɗe ƙofa, an zare ledar daga cinyarsa. Ban ga fuskar kowa ba.

To ga shi yau a bayan wuyana.

Qiniso ya tayar da mota, ya ja hanci, ya ce wa MaShezi:

"Mama, yau kin zo mana da sabon abu. Motar nan har ta manta ta taɓa ɗaukar kaji."

MaShezi ta ƙyalƙyale da dariya. Matar nan a yabe ta kawai, ko a gaban gawa ne sai ta gyara zama.

"Hancinka na aiki, ɗan nan. Wannan ba irin na bakin tasha ba ne, da kafin ka kai ƙofa ya gudu ya bar ka da warinka. Na Faransa ne. Tun ba a haifi uwata ba ake yin sa."

"MaShezi," in ji Baba Ƙarami. Muryarsa ta yi ƙasa sosai. "Me na ce miki?"

"Ka ce in ajiye sai an share makoki. To in ajiye wa wa? Matan coci kaf za su zo. Ga matar fasto da ke shigowa tana ɗaga hanci kamar ita kaɗai ta san hanyar kanti."

"Jana'iza za mu, ba biki ba."

"Ai Bhekani ɗan gayu ne, shi ma ba zai so a binne shi cikin warin gumi ba."

Qiniso ya ce, "A ina ake samu, Mama? Ko zan lallaɓa in saya wa yarinyata."

"Kai? Sai ka sayar da tayoyin motar nan har da sifiya. Ni ma maigidan nan nawa, baban Sne, shi ya kawo min. Mutumin da tun da aka kora shanun aurena bai taɓa saya min ko man leɓe ba, ranar Alhamis ɗin can sai ga shi da leda. Ya tura ta ƙarƙashin gado, na jawo na buɗe, ya shigo ya same ni, ya ce to ai naki ne."

"Rufe min baki."

"Daga yabo? Aibinsa ɗaya dai, gefen kwalbar duk a kankare yake. Wai faɗuwa ta yi."

Na damƙe reshen ban sani ba. Ƙayar magaryar kura biyu-biyu take, ɗaya a miƙe ɗaya a lanƙwashe, duka suka shige min tafin hannu. Ban ji zafi ba. Abin da na ji shi ne tsana, irin wadda ban san jikina na da wurin ajiye ta ba. Baba Ƙaramin nan shi ya riƙe Mama a asibiti da ta faɗi. Shi ya zaɓi akwatin gawa.

Ina son in juya in tofa masa yawu. Ina son in ce wa Qiniso ya taka mota sai ofishin 'yan sanda. Duka biyun ba ni da su.

Amma akwai wanda aka yarda in yi wa magana.

Gadar Thukela ta taso a gabanmu. Na ɗaga reshen daidai bakina, na buɗe murya yadda na baya za su ji.

"Bhuti, ga Thukela, za mu haye. Riƙe ni da kyau."

Muka hau gadar.

"Bhuti, turaren Mama yana cikin motar nan."

Har taunar busasshen naman da MaShezi ke yi ta tsaya.

"Wanda ka saya mata ranar Alhamis. Wanda aka zare daga cinyarka jininka bai huce ba. Sunan Mama da ka sa aka zana a gefe, an bi shi da ƙusa an kankare."

"Zibuyile," in ji Baba Ƙarami. "Hanya ake faɗa wa mamaci, ba tatsuniya ba. Baƙin ciki ya taɓa miki kai."

"Bhuti, ka ji wai na haukace."

Na ji zif ɗin jaka. Na ji makullai da kwalaben magani suna karo da juna. MaShezi ce ke tono.

"Ajiye jakar nan."

"Bari in duba mana. In ƙarya take ai sai a gani." Na san hasken taga take nema. "Akwai rubutu a ƙasan kankarar. Ga M nan. Ga kan Z." Na ji ta juya wajen mijinta. "Baban Sne, me ya kawo sunan matar yayanka a jikin turarena?"

Marin da ya sauke mata har a haƙorina na ji shi. Bai tsaya nan ba. Na ji kanta ya bugi gilashin taga, ya sake buga shi, tana kiran sunan uwarta. Ƙafarta na dukan bayan kujerata.

Qiniso ya taka birki.

"Baba, sake ta. Na rantse in ka ƙara—"

Bai ƙarasa ba. Ta gefen idona na ga bakin bindiga ya zauna masa a bayan kunne.

"Ja mota, ɗan wankin mota. Hanyar da za ka gani a hagu, cikin rake, nan za ka shiga."

Qiniso ya dube ni. Ban dube shi ba, don in na juya kai kaɗan idona zai faɗa madubi. Na kafe idona a kan titi na ce, "Bhuti, za mu sauka daga kwalta. Ba hanyar gida ba ce, amma kada ka ji tsoro, ina nan."

Motar ta gangara cikin gonar rake. Ganye na karce ta hagu da dama, rana tsaka amma ba ka hango komai sai kore.

"Motocin yayana ne," in ji Baba Ƙarami. Ba da kowa yake ba, da kansa yake. "Tare muka fara da shi, da tsohuwar bas ɗaya mai ƙofar da ake ɗaurewa da waya. Ya mutu, sai aka miƙa wa yaron da na koya wa tuƙi. Ni kuma aka ce in tsaya a tasha in dinga jera motoci a layi. A gaban direbobi yake ce min, Baba Ƙarami, jeka sayo mana abinci."

"Shi ya gina maka gida," MaShezi ta faɗa cikin kuka. Bakinta kamar cike da jini.

"Ki ƙara magana ki gani."

Sai na ji hannunsa cikin kitsona. Ya naɗe jelar a yatsunsa ya fizga baya, har ƙeyata ta bugi ƙarfen matashin kujera.

"Juyo ki dube ni, 'yar yayana. Ba tambaya kike da ita ba? Ga ni. Yi min."

Na rufe ido. Wuyana kamar zai tsinke, na ji kitso yana tsigewa daga fata ɗaya bayan ɗaya, wani abu mai ɗumi yana bin bayan kunnena.

"Bhuti, yana jan gashina."

"Da ni za ki yi magana."

"Bhuti, da zafi, amma ka san ni da taurin kai, kai kake faɗa."

Ya sa gindin bindiga ya buge ni a kafaɗa. Hannuna na hagu ya mutu nan take. Da na dama na ɗaga reshen sama, na miƙa shi baya ta kan kafaɗata, ban ma san ina na nufa ba.

Wani irin ihu ya yi, ya sake ni, na ji bayansa ya daki kujera.

"Kawar da shi. Kawar da abin nan daga fuskata."

A nan na gane. Ba hawan jini ne ya hana shi ɗaukar reshen ba. Tsoro ne. Ƙaton mutum mai bindiga a hannu, ganye bakwai ko takwas sun sa shi yana neman inda zai ɓuya. Ya san in Bhekani ya shiga garke ya zauna cikin kakanni, sunan wa zai fara kira.

"Bhuti, tsoronka yake ji."

"Tsaya nan," ya daka wa Qiniso tsawa. "Kowa ya fita."

Na lallaɓa na buɗe ƙofa da gwiwar hannu, na sauko ina fuskantar inda motar ta fuskanta. Hanyar jar ƙasa ce a miƙe, can gaba tana hawa tudu. Arewa ce, wajen gida. Na fara tafiya.

"Ina za ki? Tsaya."

"Bhuti, mun sauka daga mota. Da ƙafa za mu ƙarasa."

"Harbe ta mana, tunda ka iya," in ji MaShezi. "Ka harbe ni ni ma. Ka sa na shafa jinin yaro a wuyana, na shiga gidan mai ina yanga."

"Ba zai iya ba, Mama," Qiniso ya ce. Har da 'yar dariya a muryarsa. "In ta faɗi da reshen a hannu, kan wa mai shi zai koma? Sai dai ita ta sake shi da kanta. Ko ba haka bokanka ya ce ba, Baba? Shi ya sa ka biyo mu."

Daga nan sai kokawa. Na ji jiki ya daki jikin mota, na ji gilashi ya tarwatse. Nishi, zagi, rake na karyewa. Qiniso saurayi ne, amma Baba Ƙarami ya yi shekaru yana raba faɗan tasha da sanda, ya san inda ake bugun mutum. Na ji wani abu ya karye ƙas, kamar an taka busasshen kara.

Sai harbi.

Tsuntsaye suka tashi daga cikin raken. Ƙafafuna suka tsaya da kansu.

Qiniso ne ke ihu. Ban taɓa jin namiji ya yi irin wannan kukan ba.

"A cinya ne," in ji Baba Ƙarami yana haki. "Kin ji, Zibuyile? A cinya na sa masa. Jinin kuwa tsalle yake, ke da kika yi karatun jinya kin san abin da hakan ke nufi."

Na sani. In babbar jijiya ce, ba a ɗaure da wuri ba, kafin a dafa shayi an gama.

"Bhuti, an harbi Qiniso."

"Ki juyo ki ɗaure masa, ba zan hana ki ba. Ko ki ce min kalma ɗaya tak. Ki ce Baba. Shi kenan, kowa ya kama gabansa."

"Sisi, 'yar'uwa," Qiniso ya kira ni. Haƙoransa na haɗuwa. "Kada ki juyo. Kai shi gida. Shi ya ɗauko ni daga wankin mota ya ba ni makulli. Kai shi."

Na ji takalmi ya sauka a kan nama, Qiniso ya sake ƙwalla ƙara.

"Na biyun a ka ne. Ga shi na ɗora masa a goshi. Ki ɗaga ƙafa ɗaya gaba, ki ji."

Ku da kuke karantawa a kan gado da waya a hannu, na san kowa ya riga ya yanke abin da da shi ne zai yi. Ni ma da haka nake, kafin ranar. Na tuna Mama a kan katifa tana jiran a ce mata ɗanta ya shigo gida. Na tuna uwar Qiniso da ke sayar da masara gasasshiya a bakin tashar Umlazi, ita ko labari ba ta da shi. Wanda ke hannuna ya rufe ni da jikinsa harsashi ya same shi a madadina. Wanda ke bayana kuma yana numfashi har yanzu.

Na kawo reshen bakina. Jinina ya ɓata ganyen duka.

"Bhuti. Ndosi." Na kira shi da kirarin gidanmu, yadda Mama ke yi in tana lallashin sa. "Kai ka koya min ba a barin direba a hanya. Ka yafe min. In za ka iya, ka tsaya nan kusa, kada ka yi nisa."

Na sumbaci ganyen.

Na juya.

Abin da idona ya fara sauka a kai ba bindiga ba ce. MaShezi ce, ba takalmi, fuskarta a kumbure, ɗankwali a wuya, ta riga ta iso bayan mijinta hannunta a sama. Kwalbar ce a hannun. Tun kafin in juya ta ɗaga ta.

Ta sauke masa ita a gefen ido da duk ƙarfinta.

Kusurwar ta shige, wuyan kwalbar ya fashe. Bindigar ta tashi a iska, harsashin ya tafi cikin rake. Ya zube a gwiwa yana dafe da fuska, turare da jini na gangara ta tsakanin yatsunsa. Ta ƙara masa da abin da ya rage a hannunta, ta ƙara, tana kiran sunan Bhekani, har ya kife. Ta sa ƙafa ta shure bindigar ƙarƙashin mota.

Numfashi ɗaya. Da na ƙara numfashi ɗaya ina kallon gaba, da an gama ba tare da ni ba.

Na ruga na durƙusa kan Qiniso, na fizge ɗankwalin MaShezi na ɗaure cinyar, na murɗa da sandar rake har jinin ya tsaya. Yana kallona yana girgiza kai, hawaye na bin kunnensa.

Sai da na gama na ga hannuwana duka biyu a kan ƙafarsa suke. Reshen yana can tsakiyar hanya, cikin jar ƙasa, inda na yar da shi ban sani ba.

Wani sauti ya taso daga inda Baba Ƙarami yake kwance. Na ɗauka kakarin mutuwa ne. Ashe dariya yake. Ya ɗago kai, ido ɗaya a rufe da jini, ɗayan a kaina.

"Kin juyo, 'yar yayana," ya ce. "Je ki ɗauka. Kira shi mu ji ko zai amsa."